Ruwa da Hanya da Iko: Tarihin Garuruwan Arewacin Zazzau



Duk wanda ya hau mota daga Zariya zuwa Kano yakan ratsa ƙasar da zan yi magana a kanta yau cikin abin da bai kai sa'a guda ba. Yakan ga tulin rake da kwandunan tumatir a bakin titi, ya wuce Tashar Yari, kafin ya farga ya isa Kwanar Ɗangora, ya faɗa ƙasar Kano. Ga matafiyi, wannan yanki mashigi ne kawai tsakanin manyan birane biyu. Amma ƙidayar 2006 ta sami mutum wajen 139,000 a Ƙaramar Hukumar Kudan, fiye da 146,000 a ta Maƙarfi, da wajen 194,000 a ta Ikara. Watau mutum kusan 480,000 ke nan tun a wancan lokaci, kuma kowane gari da suke zaune a ciki yana da dalilin kafuwarsa a inda yake.

Mun saba rubuta tarihin ƙasar Hausa ta fuskar birni da fada. Ɗalibi yakan iya jero sarakunan Zazzau tun daga Malam Musa har zuwa yau, amma in aka tambaye shi abin da ya zaunar da mutane a Hunƙuyi ko Paki, sai ya yi shiru. A Ingila, tun daga 1899 aka ɗora aikin rubuta tarihin kowane lardi, gari bayan gari, har da ƙananan ƙauyuka, kuma masu aikin suna da littafin ƙidayar filaye na 1086 da za su fara daga kansa. Mu ba mu da irin wannan jeri. Abin da zan yi a nan shi ne in nuna yadda za a iya karanta tarihin waɗannan garuruwa namu ta bin abubuwa uku: ruwa, da hanya, da iko. Ra'ayina shi ne, da waɗannan uku gari yake tsayawa a wannan ƙasa, kuma in ɗaya daga cikinsu ya gusa, arzikin gari yakan bi shi.

Shimfiɗar ƙasa

Arewacin Zazzau fili ne mai tudu, wanda ya ɗara teku da mita 600 zuwa 700. Ƙarƙashinsa tsohon dutse ne, irin wanda yakan ɓullo nan da can ya tsaya shi kaɗai, kamar Kufena a yammacin Zariya. Filin ba shi da manyan kwazazzabai. Yana gangarawa ne sannu a hankali daga tudu zuwa kwari, sa'an nan ya sāke hawa.

Abu na farko da ya kamata a lura da shi shi ne mararrabar ruwa. A kusa da iyakar Zazzau da Kano ruwan sama yake rabuwa biyu. Wanda ya gangara kudu yakan bi rafuka ya faɗa Galma, Galma ta kai shi kogin Kaduna, Kaduna ta kai shi Kwara, har zuwa teku. Wanda ya gangara arewa kuwa yakan bi ta kogin Calawa da kogin Kano ya nufi Haɗeja, daga nan ya bi Yobe zuwa wajen Tafkin Cadi. Ƙasar da take bisa mararraba ba ta da babban kogi, sai ƙananan rafuka masu yawa, kowanne da fadamarsa. Wannan ya haifar da abu biyu. Na ɗaya, ayari yana iya ratsa ƙasar ba tare da neman jirgin fito ba. Na biyu, ba a tilasta wa mutane su taru a bakin ruwa ɗaya ba. Kowace fadama tana iya ɗaukar garinta. Shi ya sa a nan ake samun matsakaitan garuruwa birjik, kusa da juna, ba tare da ɗaya ya haɗiye sauran ba.

Ruwan sama a Samaru yakan kai milimita 1,000 zuwa 1,100 a shekara, daga watan Mayu zuwa farkon Oktoba. Wannan ya ɗara na Kano, ya kuma ishi dawa da auduga, daga baya har da masara. Ƙasar tudu tana da laka fiye da jigawar arewacin Kano, saboda haka tana riƙe danshi, ko da yake ta fi wuyar huɗa. Fadama kuwa ita ce gonar rani: can ake rake da albasa da tattasai da tumatir. Manomi mai tudu da fadama yana da kaka biyu a shekara, kuma wannan shi ne sirrin cunkoson jama'a a nan. Ƙasar Kudan ba ta wuce murabba'in kilomita 400 ba, watau a 2006 kowane murabba'i ɗaya yana ɗauke da mutum kusan 350.

Sunayen wurare ma suna ba da labari ga mai kunne. Doka sunan itace ne, na dajin da aka sare aka zauna. Kurmin Kogi ya faɗi abin da aka tarar a wurin. Garu yana tuna mana da gini. Sabon Garin Hunƙuyi da Tudun Wadan Maƙarfi suna shaida cewa tsohon gari ya cika har ya tumbatsa. Tashar Yari kuwa, sunanta ya nuna hanya ce ta haife ta. Ɗalibin da ya tattara sunayen unguwanni da gonaki da rafuka na gunduma ɗaya, ya tambayi dattawa ma'anarsu, ya riga ya rubuta babi na farko na tarihinta.

Ganuwa da iyaka

Marigayi Farfesa Abdullahi Smith ya yi bayani tun a 1970 cewa zaman Hausawa ya bi matakai, daga ƙauye na dangi ɗaya, zuwa gari mai tara baƙi da masu sana'a iri iri, zuwa birni mai sarki wanda garuruwa suke bi. Kudan da Hunƙuyi da Likoro da Maƙarfi da Paki da Ikara suna kan mataki na tsakiya. Abin da ya bambanta gari da ƙauye a wannan tsari shi ne kasuwa, da masallacin Juma'a, da sarkin gari, da kuma ganuwa.

Dalilin ganuwa a fili yake. Wannan ƙasa tana tsakanin dauloli uku: Zazzau a kudu, Kano a arewa da gabas, Katsina a arewa maso yamma. Littafin Tarihin Kano ya kawo labarin yaƙin Sarkin Kano Kanajeji da Zazzau, a wajen ƙarshen ƙarni na 14 zuwa farkon na 15, kuma rundunar da ta tashi daga Kano ta nufi Zazzau ba ta da makawa sai ta taka irin wannan ƙasa. Ganuwar gari ba ta kewaye gidaje kaɗai ba. Akan bar fili a cikinta domin noma da ɗaure dabbobi, da kududdufin da aka haƙi ƙasar gini a cikinsa, yadda in an yi ƙawanya mutanen ƙauyuka za su shigo su sami abin ci da ruwan sha. Saboda haka faɗin ganuwa yana nuna yawan mutanen karkarar da suke dogara da ita, fiye da yawan mazauna cikinta.

A 1808 jama'ar Malam Musa suka ci birnin Zariya, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yi kudu zuwa Zuba, inda daga baya ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa Abuja a 1828, garin da yanzu ake kira Suleja. Daga nan sarautar Zazzau ta riƙa zagayawa tsakanin gidaje huɗu: Mallawa, da Barebari, da Katsinawa, da Sulluɓawa. Ga garuruwan arewa, babban abin da jihadi ya canja shi ne ma'anar iyaka. Zazzau da Kano da Katsina duk sun koma ƙarƙashin Sarkin Musulmi ɗaya. Iyakar da a dā take fagen fama ta zama iyakar haraji, kuma manomi ko marini daga Ƙaraye ko Rogo yana iya ƙetarowa ya zauna, ya nemi gona.

Wannan ba ya nufin an zauna lafiya ɗungurungum. A rabin ƙarni na 19 na biyu mayaƙan Ningi sun addabi Zazzau da kudancin Kano, na Maraɗi suna kawo hari daga arewa maso yamma, sa'an nan a ƙarshen ƙarnin ga Ibrahim Nagwamatse na Kwantagora. Labarin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a 1949 zuwa 1950 aka buga a 1954, ya nuna yadda zaman yake a ƙauyukan wannan iyaka: gudu zuwa gari mai ganuwa in an ji ƙugen mahara, da fargabar masu satar mutane a kan hanyar kasuwa, da neman kuɗin fansa. Ganuwa ta ci gaba da amfani har ranar da Turawa suka zo.

Ta fuskar mulki kuwa, ba a haɗa waɗannan garuruwa cikin gunduma ɗaya ba. Kamar yadda M. G. Smith ya nuna a littafinsa na 1960 kan sarautar Zazzau, masu sarauta suna zaune ne a birni, kowanne an ba shi garuruwa a warwatse, yana aika jakadansa ya karɓo haraji. Gari biyu maƙwabta suna iya bin iyayen gida daban daban. Wannan dabara ta hana kowane basarake tara ƙarfi a wuri ɗaya, ta kuma bar wa sarkin gari sarari mai yawa a harkokin yau da kullum.

Auduga da baba

A cikin labarin Bayajida an raba wa ƙasashen Hausa aiki: Kano da Rano su ne sarakunan baba, Katsina da Daura na kasuwa, Gobir na yaƙi, Zazzau na bayi. Amma wanda ya dubi arewacin Zazzau a ƙarni na 19 zai ga cewa ta wajen sana'a 'yar'uwar kudancin Kano ce. Masu binciken tattalin arzikin Daular Usmaniyya, irin su Philip Shea da Paul Lovejoy, sun nuna cewa akwai wani yanki na saƙa da rini wanda ya taso daga wajen Kura da Bebeji da Ƙaraye ya shigo ƙasar Zazzau, kuma Kudan da Maƙarfi da maƙwabtansu suna cikinsa.

Yana da kyau mu tsaya mu dubi yadda sana'ar take, domin ita ce ta cika garuruwan da mutane. Manomi ya shuka auduga a tudu, ya shuka baba. Mata su gurza audugar su fitar da gurya, su shiɓe ta, su kaɗa zare da mazari. Masaƙi ya saƙa ƙyalle siriri, maɗinki ya haɗa shi ya zama zane ko riga ko rawani. Daga nan sai marina. Rijiyar rini akan haƙa ta da zurfi, a shafe cikinta da laso, wanda ake yi da katsin da ya kwanta a gindin tsohuwar rijiya, don kada ruwa ya tsiyaye. A zuba ruwa da toka da baba, a bari ya ruɓa ya nuna, sa'an nan a tsoma tufa a ciro, a tsoma a ciro, iska tana mai da launin shuɗi. Daga marina sai mabuga, inda ake dukan tufa da shuni har ta yi ƙyalli. Kowane mataki gida ne, ko unguwa. Ga kuma mai itace, da mai toka, da mai jaki, da dillali, da fatoma mai saukar da baƙi. Gari mai marina babba yana ciyar da ɗaruruwan mutanen da ba su taɓa tsoma hannu a baba ba.

Da Barth ya zo Kano a 1851 ya ga tufafin da ake kai wa har Tambutu da Gat da Tarabulus. Sunan Kano ne a kansu, amma ba duka aka saƙa ko aka rina a cikin birnin ba. Wani kaso na wannan arziki gumin garuruwa ne irin waɗanda muke magana a kansu.

Wajibi ne kuma a faɗi ɗaya gefen. Yawancin hatsi da audugar manyan mutane daga rinji suke fitowa, watau ƙauyen bayi, inda ake aikin gandu ƙarƙashin sarkin gandu. An yi nazarin irin waɗannan rumada a Biye da Hanwa kusa da Zariya, kuma dangin Baba ta Karo ma suna da nasu. Tarihin gari da ya ambaci sarakuna da malamai da fatake ya tsallake bayi, rabin tarihi ne. Haka nan wanda ya tsallake Maguzawa, waɗanda suka daɗe da zama a karkarar Ikara da Maƙarfi suna noma tuƙuru, ko Fulanin da shanunsu suke taka gonaki bayan girbi.

Duk wannan ciniki a kan hanya yake tafiya. Tsakanin Zariya da Kano tafiyar kwana biyar ce ko shida ga ayari, kuma kowane yini yana bukatar zango mai ruwa da ciyawa da kasuwa. Ta wannan hanya Clapperton ya bi a 1826, ya ratsa Bebeji ya shiga Kano. Garin da yake zango yana sayar da tuwo da fura da harawa, yana kuma jin labarin farashi kafin kowa.

Hakimi da dogo

Turawa sun kafa sansani a Zariya a 1902. Suka tuɓe Sarki Kwasau, aka naɗa Aliyu Ɗan Sidi a 1903. A ƙarshen Janairun 1903 rundunar Kanar Morland ta tashi daga Zariya, ta fasa Bebeji, ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu. Igwar da ta buɗe ƙofar Bebeji ta nuna wa kowa cewa zamanin ganuwa ya wuce.

Canji na farko ya zo ta wajen iko. Cikin 'yan shekaru Turawa suka soke tsarin garuruwa a warwatse, suka yanka ƙasa gunduma gunduma, suka umarci hakimai su bar birni su tare a gundumominsu. Garin da hakimi ya sauka ya sami alƙali da malaman haraji da dogarai, daga baya makarantar elementare da ɗakin shan magani. Garin da bai samu ba ya koma ƙarƙashin maƙwabcinsa, ko da ya girme shi. An yi ta haɗe gundumomi ana rabawa, har aka wayi gari Maƙarfi da Ikara su ne manyan mazaunan hakimai a wannan shiyya. Fifikon da waɗannan garuruwa biyu suka samu a ƙarni na 20 daga nan ya samo tushe.

Canji na biyu ya zo ta wajen hanya. Dogo ya isa Kano a 1911, aka buɗe shi ga ciniki a 1912. Talakawan Zazzau ne suka yi aikin haƙa da ɗaukar ƙasa, yawanci bisa tilas, kuma Sarki Aliyu Ɗan Sidi ya bar mana Waƙar Diga a kan wannan aiki. Jirgi ya mai da tafiyar kwana biyar ta zama ta sa'o'i. Aka yi tasha a Likoro da Gimi, 'yan kasuwa da ma'auna suka taru a bakin tasha, zangon da dogo ya kauce masa kuwa ya fara yin shiru. Ba a nan kaɗai aka ga haka ba. A Ingila garin Stamford ya yi ƙarnoni yana cin abinci daga matafiyan babbar hanyar arewa, amma da babban layin dogo ya bi ta Peterborough a shekarun 1850, sai Peterborough ta bunƙasa, Stamford ta tsaya inda take.

Masu masaƙun Lancashire, waɗanda suka kafa ƙungiyar noman auduga ta BCGA a 1902, sun sa rai dogo zai kwaso musu audugar ƙasar Hausa. A Kano gyaɗa ce ta amsa kira. A Zazzau ma da farko masaƙan gida sun fi Turawa sayen auduga da daraja, don haka manomi ya kai musu. Sai da aka kawo irin Amurka mai suna Allen a 1912, aka gwada shi a gonar Maigana, aka bi da dokokin kasuwar auduga, sa'an nan fatauci ya juya. Aka kafa tashar binciken noma a Samaru a 1922. Sannu a hankali ƙasar da take fitar da riga ta koma fitar da ɗanyar auduga, yadin kanti ya cika kasuwa, rijiyoyin rini suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya cece garuruwan daga durƙushewa shi ne fadama. Injin matse rake wanda doki yake juyawa ya yaɗu a zamanin Turawa, mazarƙwaila ta zama haja mai zuwa nesa, har sunan Maƙarfi da Kudan ya haɗu da rake a bakin mutane.

Tsando da Takalafiya

Da hare-hare suka ƙare, mutane suka fita daga ganuwa suka bazu cikin daji, kowa ya kafa gida kusa da gonarsa, kusa da rafi. Amma kurmin bakin rafi gidan tsando ne, ƙudan da yake ɗauke da ciwon barci. Wani mazauni da 'yan mishan na CMS suka kafa wajen 1914 a wani wuri mai suna Gimi a ƙasar Zazzau, wannan ciwo ne ya watsa shi cikin 'yan shekaru. A shekarun 1930 binciken likitoci ya sami kusan sulusin mutanen ƙasar Ancau, maƙwabciyar Ikara, ɗauke da cutar.

Daga 1937 aka fara abin da aka sani da shirin Ancau, wanda Dokta T. A. M. Nash ya yi suna a kansa. Aka ware wani zirin ƙasa mai tsawon mil 70 da faɗin wajen mil 10, aka sare kurmin bakin rafuka, aka tashi ƙananan ƙauyuka aka tara su inda yawansu zai isa su riƙa share rafi kowace shekara. Aka gina rijiyoyin siminti, aka kuma fitar da sabon gari kusa da tsohuwar Ancau, mai faffaɗan tituna, aka sa masa suna Takalafiya. Ciwon ya ja baya ƙwarai. Amma da Horace Miner ya je wurin bayan shekara ashirin, ya tarar mutane da yawa suna saran kurmi ne don hakimi ya ce a sara, ba don sun yarda ƙuda ne yake kawo ciwon ba. Ga ma'aikatan da suke cikin wannan zaure, darasin yana nan: aikin da aka yi wa mutane ba tare da an gamsar da su ba, yakan tsaya ne muddin mai tilastawa yana tsaye.

Daga En'e zuwa ƙaramar hukuma

A 1967 ƙasar Zazzau ta shiga Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda aka mai da sunanta Jihar Kaduna a 1976. A wannan shekara ta 1976 aka yi gyaran ƙananan hukumomi, aka kafa Ƙaramar Hukumar Ikara, wadda ta haɗa dukan wannan shiyya har da Kubau. A 1987 aka cire Jihar Katsina, sai ƙasar Kudan ta sāke zama bakin iyaka ta wajen Ɗanja, kamar yadda take kafin jihadi. A 1991 aka fitar da Maƙarfi daga Ikara. A 1996 aka fitar da Kudan daga Maƙarfi, aka kuma fitar da Kubau daga Ikara.

A lura da wani abu a nan. Ƙaramar Hukumar Kudan sunan Kudan take ɗauke da shi, amma hedkwatarta tana Hunƙuyi. Ta Kubau ma haka, hedkwatarta tana Ancau. Suna ya tafi wuri ɗaya, sakatariya da albashi da 'yan kwangila sun tafi wani. Abin da saukar hakimi ya yi wa gari a farkon zamanin Turawa, shi ne saukar sakatariya take yi a yau.

Noma ma ya sāke kama. Farin 1972 zuwa 1974 da cutar da ta kashe gyaɗa a 1975 sun karya gyaɗa. Shirin raya noma na Funtuwa, wanda aka fara a 1975, ya yaɗa takin zamani da sabon irin masara, har masara ta ture dawa a gonaki da yawa. A 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, masaƙar Kaduna ta farko, wadda aka buɗe a 1957, ta rufe a 2002, auduga ta rasa mai saye tsayayye. Ƙaramin injin ban ruwa ya maye gurbin jigo, noman rani ya faɗaɗa, tumatir ya zama abin da ake lodawa zuwa Kudu. Gwamnatin jiha ta kafa kamfanin sarrafa tumatir a Ikara a farkon shekarun 1980, da na sukari a Maƙarfi, amma dukansu sun yi shekaru masu yawa ba sa aiki. A 2016 tsutsar tumatir ta cinye gonaki har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan amfanin. Fatauci kuwa ya bar tashar jirgi ya koma bakin kwalta. A 2021 aka ƙaddamar da aikin sabon layin dogo daga Kaduna zuwa Kano, kuma wanda ya bi wannan bayani tun daga farko ya san tambayar da ya kamata a yi: a ina jirgin zai riƙa tsayawa?

Kammalawa

Mun ga ganuwa ta tara mutane, zaman lafiya ya watsa su, tsando ya sāke tara su. Mun ga zango ya ba tasha wuri, tasha ta ba bakin titi. Mun ga iko ya tashi daga hannun jakada zuwa hakimi, daga hakimi zuwa sakatariya. Cikin dukan wannan, abin da bai gusa ba shi ne fadama, kuma ita ce yau take cikin haɗari, saboda yashi yana cike rafukan da aka sare itatuwan bakinsu, gine-gine suna cin gonaki, burtalin shanu yana ƙanƙancewa.

Ina da roƙo biyu. Ga ma'aikata: kafin a zaɓi wurin kasuwa ko madatsar ruwa ko makaranta, a tambayi abin da ya zaunar da mutane a wurin, da abin da ya taɓa tashinsu. Amsar tana bakin dattawa, tana kuma cikin rahotannin kimanta haraji na gundumomi da suke ajiye a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a Kaduna. Ga ɗalibai: ganuwar garinku ana ɗibar ƙasarta ana yin tubali, tsofaffin rijiyoyin rini ana cike su da shara, waɗanda suka ga marina tana aiki kuwa saura kaɗan. Kowannenku ya ɗauki gari ɗaya a hutun da yake tafe. Ya auna abin da ya rage na ganuwa, ya ƙirga ƙofofi da rijiyoyi, ya rubuta sunayen unguwanni da asalin mazaunansu, ya zauna da tsofaffi maza da mata, na gidan sarauta da na rinji. Ya kawo abin da ya samu a ajiye a Gidan Arewa ko a Sashen Tarihi. Waiwaye adon tafiya ne, in ji Hausawa, amma sai akwai abin da za a waiwaya a gani.